Malafar Kyamara: Yadda Gyara Ya Raɗa wa Wani Abu Suna a Gumel

Ranar Alhamis, 4 ga Afrilu, 2024, ita ce ranar cin kasuwar Maigatari ta ƙarshe kafin ƙaramar Sallah. Makonni kaɗan ke nan da sake buɗe iyakar Nijeriya da Nijar, wadda aka rufe bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai a watan Yulin 2023. Kara ta cika da shanu da raƙuma da tumaki, ga kuma buhunan zoɓo da riɗi jibge a bakin hanya. A cikin wannan cinkoso akwai wani mai hoto, mutumin Gumel, wanda ya haura shekara goma yana cin abinci da kyamara. Aikinsa na ranar kasuwa shi ne ya ɗaukar wa dillalai hoton dabbobi, su kuma su tura wa masu saye a Kudu ta WhatsApp, a gama ciniki tun kafin a yi lodi.

Dillalan duk suna da wayoyin da ke ɗaukar hoto, amma sun san aibinsu. Waya sai an matsa kusa da sa, idan kuwa aka matsa sai ta kumbura masa kai ta tsuke masa ƙugu, mai saye ya ga kamar ramammiyar dabba ake son a kakaba masa. Shi kuwa mai hoto yana da dogon gilashi mai jawo nesa kusa, wanda ke tafiya daga milimita 75 zuwa 300. Yakan tsaya can nesa da ƙaho, ya ɗauko bijimi da cikar ƙirarsa, tozo da ƙirji da cinya kowanne daidai yadda Allah ya halicce shi.

Wajen azahar, yana ratsawa tsakanin turaku da kyamara rataye a kafaɗa, sai wani bijimi ya kaɗa kai don korar ƙuda. Ƙahon ya sami bakin gilashin, aka ji ƙaras. Mai hoto ya yi salati, ya juyo da kyamarar hannunsa na rawa, domin gilashin nan shi ne jarinsa gaba ɗaya. Ya duba, ya ga ko ƙwarzane babu a jikinsa. Abin da ya fashe wani baƙin bututun roba ne da ke maƙale a bakin gilashin, wanda tsawonsa bai kai na tafin hannu ba. Ɓari guda ya ɓalle ya faɗa ƙarƙashin kofatai, sauran ya tsage har zuwa zoben da ke riƙe shi. Mai hoto ya yi hamdala, ya cusa ragowar a jaka, ya ɗauka asarar ba ta taka kara ta karya ba.

Washegari Juma'a ya gane kurensa. Da la'asar ya ɗauki hotunan wasu samari masu kilisa a bayan gari, rana tana gefen gabansa. Da ya duba sai ya ga hotunan sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu toka. Baƙin doki ya koma ruwan ƙasa, jan jalala ya koɗe, a wasu ma ga waɗansu ƙawanyoyin haske jere a kan fuskar mahayi.

Dalilin haka yana cikin ƙirar gilashin kansa. Abin da ake gani kamar ido ɗaya, a ciki jerin gilasai ne fiye da goma, an jera su ɗaya bayan ɗaya. Hasken da ya fito daga abin da ake ɗauka yana ratsa su ya haɗu wuri guda, shi ne hoto. Amma akwai wani hasken da ba a gayyace shi ba, wanda ke shigowa ta gefe, daga rana ko farin yashi ko kwanon rufi. Wannan idan ya shiga sai ya riƙa karo tsakanin fuskokin gilasan, yana komawa gaba da baya, daga ƙarshe ya bazu a kan hoton duka kamar hazo. Dogon gilashi kuwa ganinsa tsukakke ne: a milimita 300 abin da yake kallo bai wuce faɗin digiri 8 da ɗoriya ba, alhali fuskarsa a buɗe take ga hasken rabin sararin sama. Aikin baƙin bututun shi ne ya tare wannan baƙon haske, ya bar wanda ake bukata ya wuce. Aikinsa na biyu shi ne wanda ya yi a kara, wato ya karɓi duka a madadin gilashi.

Da a wani lokaci ne abin ya faru, da ba zai hana shi barci ba. Sai dai saura kwana biyar Sallah, kuma hawan Sallah shi ne kakar mai hoto a Gumel. Masarautar Lautai, wadda Mangawa suka kafa wajen 1750 a ƙarƙashin inuwar Borno, ta dawo da fadarta daga Tumbi zuwa Gumel a 1845, kuma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. A yau ƙasarta ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu na Jihar Jigawa: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ranar hawa ce ranar da hakimai da mahayansu daga waɗannan ƙasashe suke haɗuwa su yi wa Mai Martaba Sarkin Gumel, Alhaji Ahmad Muhammad Sani, jafi. Tun tsakiyar azumi wasu mahaya daga Gagarawa da Sule Tankarkar suka ba mai hoto kafin alƙalami, shi kuma ya riga ya kai kuɗin wurin tela don ɗinkin 'ya'yansa. Hawa kuwa ba a cewa doki ya tsaya a gyara masa haske. Rana tana inda take, ƙura ta tashi ta ƙara watsa hasken, mahayi ya wuce sau ɗaya. Idan hotuna suka fito da toka, kuɗi za a mayar, kuma baɗi wani za a nema.

Ya fara da neman sabo. Ya buga waya wani shagon kayan hoto a Kano, mai nisan kimanin kilomita 120 daga Gumel. Abin da mai shagon ya fara tambaya shi ne lamba. Kowane irin gilashi da irin bututunsa, kuma abin da ke bambanta su haruffa ne da alƙaluma da aka buga a gindi. Mai hoto ya karanto lambar daga ragowar da ke jakarsa. Mai shago ya ce babu, sai an aiko daga Legas bayan Sallah, farashi kuma sai ranar da kaya suka iso, don a watannin nan Naira ba ta kwana inda ta wuni. Akwai dai wani na roba mai laushi da ake ɗaurawa a zaren bakin gilashi mai faɗin milimita 58, amma gajere ne, an yi shi don gilashi mai faɗin gani, inuwarsa ba za ta kai ko'ina ba.

Sai ya koma tunanin liƙi. Wani mai gyaran waya ya miƙo masa sufa-gulu, ya kuma gargaɗe shi: tururin wannan gam yana barin farin dabbare a kan gilashi idan aka kusanta su kafin ya bushe sarai. Ko da ma an liƙe tsagar, ɓarin da ya ɓalle yana can cikin turɓayar kara, kuma ta wannan giɓi rana za ta shigo.

Ranar Asabar da safe ya nufi zauren wani tsohon baduku, abokin marigayi mahaifinsa. Zauren cike yake da kayan doki da ake jiran a gama kafin Sallah. Bayan gaisuwa mai tsawo da tambayar iyali da azumi, mai hoto ya fito da ragowar robar ya ajiye a kan buzu.

"Baba, wata 'yar matsala na kawo muku. Wannan ne ya fashe, ko za a iya yi mini irinsa da fata?"

Tsoho ya juya abin a hannu. "Mene ne sunansa, ɗana?"

"Hud muke ce masa."

"Me?"

"Sunan Turanci ne, Baba. A bakin gilashin yake zama, yana kare shi."

Baduku ya dubi dogon gilashin, ya dubi robar, ya gyaɗa kai. "To, kube ke nan. Ka dawo gobe da yamma."

Ranar Lahadi mai hoto ya tarar da aiki mai kyan gaske. An ɗinka jar fata ta akuya, an goge ta ciki da waje har tana ɗaukar ido, an yi mata ado a baki. Ta yi tsawo, ta kuma tsuke daga gaba, ta kama gilashin tsam kamar yadda kube ke kama wuƙa. Da ya ɗora ya leƙa, sai ya ga duniya ta cikin rijiya: kusurwoyi huɗu na hoton sun yi baƙi ƙirin, tsakiyar kuma ta yi wani ja-ja, saboda gogaggiyar fatar tana maido da haske cikin gilashin da launinta. Abin ya fi rashinsa muni.

Laifin ba na baduku ba ne. An ce masa abu ne mai karewa, shi kuwa a sana'arsa abin da ke kare dogon ƙarfe sunansa kube, kuma sharaɗin kube ya rufe, ya matse, ya yi kyau. Sunan da ya kira abin da shi, shi ya ja masa hannu wajen yanka da ɗinki. Shi ma mai hoto, shekara goma yana furta kalmar Turancin nan ba tare da ta taɓa gaya masa komai ba. A harshen masu ita tana nufin irin hular nan da ke haɗe da alkyabba. A Faransancin da ake ji a tsallaken iyaka kuwa, sunan abin yana nufin mai tare rana. A bakinsa shi, ƙara ce kawai da ake yi wa mai shago.

Ya rasa yadda zai gaya wa abokin mahaifinsa cewa aikin bai yi ba. Sai ya roƙe shi su fito ƙofar zaure. Rana ta yi yamma, tana dukan fuska.

"Baba, ku dubi bishiyar can. Wane ne zaune a gindinta?"

Tsoho ya ƙanƙance ido, sannan ya ɗaga tafin hannu ya kafa a goshi. "Ai ladan ne."

"To, Baba, abin da hannunku ya yi yanzu, shi ne aikin wannan abin."

Baduku ya yi shiru, hannunsa na nan a goshi. Can sai ya yi dariya. "Haba ɗana! Ai sai ka ce mini malafa kake so. Ka sa na ɓata fata a kan kube."

Daga nan bai ƙara neman bayani mai yawa ba, domin malafa abu ce da ya sani tun yana yaro, dukawa ne ma ke yi mata baki da maɗauri na fata. Malafa ba ta matse fuska, buɗewa take yi. Ba a bukatar cikinta ya yi ƙyalli, inuwa ake nema a wurinta. Idan kuma ta cika zurfi, sai ta hana makiyayi ganin garkensa. Waɗannan sharuɗɗa uku, su ne daidai waɗanda masu ƙera kayan hoto suke kiyayewa.

Ya ɗauko ragowar robar ya yanke fasasshen jikinta da wuƙa, ya bar zoben gindi mai haƙoran da ke kama bakin gilashi, tun da wannan ne kaɗai abin da fata ba za ta iya kwaikwaya ba. Ya huda ƙananan ramuka a gefen tsagar ya ɗaure ta da zare. Sannan ya yanko ƙirgi mai kauri, ya juya shi yadda ɓarin nan mai kaushi zai kasance a ciki, ya shafe shi da kuloko, baƙin rinin dukawa da ake haɗawa da kashin maƙera. Ƙarfen da ke cikin rinin idan ya gamu da bagaruwar da aka jeme fatar da ita, sai ya ba da baƙi mai zurfi wanda ba ya ƙyalli. Ya jiƙa fatar, ya naɗa ta a jikin kofin silba mai buɗaɗɗen baki, ya ɗinke, ya ajiye ta ta kwana ta wuni. Zafin bazara ya yi sauran aikin.

Ranar Talata, jajiberin Sallah, aka yi awo. Mai hoto ya mayar da gilashin kan milimita 75, inda ganinsa ya fi faɗi, ya auna farin bango. Kusurwoyi suka nuna duhu. Baduku ya rage bakin fatar da kaurin karan ashana, aka sake leƙawa, aka sake ragewa, har duhun ya ɓace. Da suka gwada tsawonta da na tsohuwar robar, sai suka ga ta fatar ta fi tsawo, kuma ba ta shiga hoto ba. Dalili shi ne kamfani ya auna tasa robar ne don kyamara mai babban faranti, irin girman tsohon fim na milimita 35, inda gilashin ke ganin faɗin digiri 32 a wannan matsayi. Kyamarar mai hoto ƙaramin faranti gare ta, abin da take gani a nan bai wuce digiri 20 ba. Ashe duk shekarun nan da guntuwar malafa yake yawo, wadda aka ɗinka don kan wani.

Ranar Laraba, 10 ga Afrilu, aka yi Sallah. Hotunan hawa suka fito da baƙinsu da jansu, ban da 'yan kaɗan da rana ta faɗo cikin hoton kanta, waɗanda babu malafar da za ta cece su. Mahayan Gagarawa da na Sule Tankarkar suka karɓi nasu suka cika kuɗi. Bayan Sallah, a wani biki a Gagarawa, mata suka ga abin suka yi ta dariya suna cewa mai hoto ya sa wa kyamararsa zunguru, kamar amaryar da ke ƙunshi.

Sunaye uku ke nan abu ɗaya ya samu cikin mako biyu, kuma kowanne da inda ya kama. Zunguru ya kama siffa. Kube ya kama rabin aiki, wato kariya daga duka. Malafa ta kama aikin da aka yi abin dominsa, shi ya sa ita kaɗai ta iya haifar da abin da ya yi amfani. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a Hausa. Da ita jirgin ruwa ya ba da sunansa ga na ƙasa da na sama, sirdin doki ya hau keke, linzami ya koma jikin makami, mota ta sami ƙafa. Abin lura a labarin Gumel shi ne wurin da sunan ya faɗo, da kuma abin da ya tilasta shi. Muddin abu yana aiki, ba a bukatar a san me yake yi. Idan ya lalace aka sayi sabo, lamba ta wadatar. Amma idan za a gyara, dole mai abu ya yi wa mai sana'a bayani da harshen da su biyun suke ji, kuma idan bayanin ya karkace, a take fata za ta ɓaci.

Masana sun daɗe suna hidimar samar wa Hausa kalmomin zamani, tun daga Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, zuwa littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ga kuma abin da gidajen rediyo ke ƙirƙirowa kullum. Kalmar da aka zauna aka tsara, ana auna ta da ƙa'idar harshe da amincewar masana. Wadda ta fito daga zauren baduku ko rumfar bakanike ko teburin mai gyaran waya, an riga an auna ta da wani ma'auni dabam: ta sa an yi aikin daidai ko ba ta sa ba. Irin waɗannan kalmomi ba su da mai rubuta su. Suna rayuwa tsakanin mutum uku ko huɗu, kuma suna iya mutuwa tare da tsohon da ya furta su. Mai nazarin da ke neman kalmomin fasaha zai amfana idan ya zauna a inda ake gyara, ya saurari abin da ake faɗa a daidai lokacin da mai kaya ya kasa bayani ya koma nuni da hannu. Wannan ba ya nufin a kori kalmomin aro. Hoto da kyamara da batir sun zauna daram, babu mai tayar da su. Magana ce a kan ɗimbin ƙananan abubuwa da ke shigowa da lamba kawai, su fita da lamba, harshen bai taɓa su ba.

Malafar fata ba ta zama ƙarshen zance ba. Da damina ta sauka sai ƙirgin ya fara shan danshi yana saki, bakinsa ya karkace ya leƙo cikin hoto. Fata mai danshi kuma tana tara fumfuna, fumfuna kuwa idan ta shiga tsakanin gilasai tana yaɗuwa kamar saƙar gizo-gizo har ta ci fuskar gilashin. Saboda haka da ta kamfani ta iso daga Legas, mai hoto ya biya ya karɓa. Yanzu da damina yana aiki da ta roba, ya rataye ta fatar a ƙusa nesa da jakar kyamara. Idan kaka ta wuce iska ta bushe, sai ya mayar da ita kan kofin silba ta koma siffarta, domin har yau ta fi ta kamfani inuwa.

Yaron da ke koyon aiki a wurinsa bai san kalmar Turancin ba. Duk ranar Alhamis, kafin su hau motar Maigatari, maigidan yakan tambaye shi ko ya ɗauko malafa, shi kuma yaron ya tambaya: ta roba ko ta Baba?